Nutson kamun istakoza a Bahar Maliya

Nutson kamun istakoza fita ce ta nishaɗi inda mutum yake shiga teku, ya nutsa, ya kamo babban jatan landen nan mai ƙaya da hannunsa, don cin gida ba don kasuwa ba. Istakoza shi ne sunan da aka san dabbar da shi a kasuwannin kifi na gabar Bahar Maliya, da shi kuma Hausawan Jidda da Yanbu da Jizan suke kiranta. A ɓangaren Tekun Fasha an fi cewa ummur rubyan. Yawancin aikin wannan fita a tudu ake yin sa: neman izini, duba iska, zaɓen abokin nutso, da sanin wadda za a ɗauka da wadda za a bari.

Dabbar

Istakoza mai ƙaya tana cikin dangin da masana ke kira Palinuridae. Abin da ya raba ta da 'yar uwarta ta tekun arewacin Amurka da Turai shi ne ba ta da manyan hannuwan nan masu datsa. Abin kariyarta ɓawo ne mai tsinaye, da dogayen ƙahonni biyu masu kaushi da kan fi jikinta tsawo. Naman da ake nema kusan duk a wutsiya yake.

Wadda ta fi yawa a Bahar Maliya ita ce Panulirus penicillatus, mai launin ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu, da ratsin fari a tsawon ƙafafu. Babu wata istakoza mai ƙaya da ta kai ta bazuwa a duniya: daga Bahar Maliya har tsibiran Galafagos a gabashin Tekun Fasifik ana samunta. Tsawonta yakan kai santimita 30, wata har 40. Sai Panulirus versicolor, mai ado da kore da fari da baƙi, wadda masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa suke so. A gabar Yaman da Oman kuwa Panulirus homarus ce ta fi yawa, kuma a can sana'a ce babba.

Da rana istakoza tana kwance a cikin kogon murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, ƙahonninta kaɗai ke leƙowa. Da dare take fitowa kiwo, ta ci dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa da bushiyar teku da mushen kifi. In ta ji an taɓa ta, sai ta kaɗa wutsiya ta zabura da baya, tana wani ƙara mai kama da karce da take yi da gindin ƙahonta.

Hayayyafarta ce abin da ya kamata mai kamu ya fi riƙewa. Namiji yakan manna wa mace wani baƙin tabo a ƙirji, tsakanin ƙafafun baya, wanda ke ɗauke da maniyyi. Daga baya sai ta saki ƙwai ta riƙe su a ƙarƙashin wutsiya makonni, da fari launin lemo, suna ƙara duhu yayin da ƙyanƙyasa ke matsowa. Mace ɗaya takan ɗauki ƙwai dubbai masu yawa. 'Ya'yan da suka fito ba su kama da uwar ko kaɗan: faffaɗa ne, garai-garai, ruwa yana yawo da su a tsakiyar teku fiye da rabin shekara kafin waɗanda suka tsira su dawo murjani. Sannan sai an yi shekaru tana saɓa tana girma kafin ta isa haihuwa. Saboda haka wurin da aka kwashe ba ya saurin cikowa, kuma wanda ya ɗauki mace mai ƙwai ya yi ɓarnar da ta fi ƙarfin abin da zai ci.

Inda take zama

Bahar Maliya tana da tsawon kusan kilomita 2,250, kuma gishirinta ya kai kashi 4 cikin 100, sama da na yawancin tekuna, domin zafi yana ƙafar da ruwa kuma babu kogin dindindin da ke zuba a cikinta. Rashin kogi ne ya sa ruwan yake garau, murjani kuma yake bin gaba kusan ko'ina. Masu jirage suna kiran waɗannan duwatsun murjani sha'ab, mashigin ruwa mai kutsowa cikin tudu kuma sharm, kamar Sharm Abhur a arewacin Jidda inda jiragen nutso da yawa ke tashi. Akwai kuma Rabig da Yanbu da Umluj da Alwajh a arewa, Allis da tsibiran Farasan a kudu.

Panulirus penicillatus ba ta son zurfi. An fi samunta daga mita 1 zuwa 4, a bakin sha'ab ta wajen teku, daidai inda igiyar ruwa ke fashewa. Ba ta cika shiga tarko ba, shi ya sa masunta tun da suke bin ta da dare a ƙafa, da fitila, a kan shimfiɗar murjani. Wannan rashin zurfi yana ruɗin sabon shiga. Yakan ɗauka abin wasa ne, alhali nan ne ruwa ya fi ƙarfi, kuma nan ne yake iya ɗaga mutum ya maka shi a kan murjani mai kaifi.

A ɗaya gabar, ta Sudan, akwai irin wannan murjani daga Sawakin, tsohuwar tashar da kakannin Hausawa da yawa suka haye zuwa aikin Hajji, har arewacin Fot Sudan. Sanganeb da Dungonab wurare ne da aka keɓe, UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2016, ba wuraren kamu ba ne. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya durƙusar da harkar yawon nutso a can.

Izini da doka

A Saudiyya, Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ce ke tsara kamun kifi: lokacin da aka buɗe da wanda aka rufe, kayan da aka yarda da su, da nau'ukan da aka hana. Fita teku kuwa a hannun Dakarun Tsaron Iyaka take, waɗanda kowa ke kira Haras Alhudud. Mai jirgi yana ba da sunayen waɗanda ke ciki, kowa kuma ya riƙe katin ɗan ƙasa ko iƙama (katin izinin zama) ko fasfo, tare da katin shaidar koyon nutso in da tukunyar iska, wadda ake goyawa ana shaƙa a ƙarƙashin ruwa, zai shiga. Wuraren da aka keɓe, irin su Farasan da UNESCO ta amince da ita a matsayin wurin kare halittu a 2021, suna da nasu ƙa'idoji, haka ma yankunan manyan ayyukan yawon buɗe ido a arewa.

Izinin fita yawo ko nutso ba shi ne izinin kamu ba, kuma nan mutane suka fi kuskure. Kafin a biya kuɗin jirgi, a tambayi ofishin kamun kifi na garin tambayoyi huɗu kai tsaye: ko lokacin a buɗe yake, ko an yarda a kama da tukunyar iska a baya ko sai da numfashi kaɗai, ko izinin ya haɗa da dare, da kuma girman da aka yarda a ɗauka. Ƙa'idojin sukan sauya, don haka labarin wani da ya fita bara ba hujja ba ne. Cibiyoyin nutso da yawa ma ba su yarda a taɓa komai a ƙarƙashin ruwa ba, kallo da hoto kawai. Baƙo mai zama da iƙama ya fi kowa bukatar ya kiyaye, domin abin da zai rasa ya wuce tara.

A Amurka wannan wasa yana da tsari sosai, kuma ƙa'idojinsu suna nuna abin da ake karewa. A Fulorida ana buɗe kwana biyu na 'yan nishaɗi a Laraba da Alhamis na ƙarshen Yuli, babban lokaci kuma daga 6 ga Agusta zuwa 31 ga Maris. Dole ɓawon kai ya wuce inci 3, wato kusan santimita 7.6, a auna a cikin ruwa, an hana suka da mashi, an hana mai ƙwai. A Kalifoniya mai nutso da hannu kawai zai kama, ba fiye da 7 a rana ba. Waɗannan dokokin can ne, na nau'ukan can, amma hikimar ɗaya ce.

Lokaci

Ruwa ɗumi ne duk shekara: kusan digiri 22 a arewa lokacin sanyi, ya haura 30 a kudu lokacin zafi. Iska ce ke yanke hukunci. A arewacin tekun iskar arewa ce ta fi kaɗawa, kuma takan ƙaru da rana ta lafa da asuba. Daren da babu farin wata istakoza ta fi fitowa. In matuƙin jirgi ya ce yau bakin sha'ab ba ya shiguwa, maganarsa ce ta ƙarshe.

Kaya da horo

Mai nutson numfashi yana bukatar gilashin fuska, bututun shaƙa, takalmin iyo, rigar roba mai rufe hannu da ƙafa, da safar hannu mai kauri. Sai tocila biyu, jakar raga mai rufewa, ma'auni, wuƙa don yanke tsohuwar igiyar fatsa, da balan-balan mai tuta da ke nuna wa jirage akwai mutum a ƙasa. Gishirin Bahar Maliya yana ɗaga jiki, saboda haka wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki zai sake gwada nauyin dalmar da yake ɗaurawa.

Mai tukunya kuwa sai ya yi kwas a cibiyar da ke ba da shaida irin ta PADI ko SSI ko CMAS. Matakin farko yana kai mutum mita 18, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40. Iskar da ke cikin tukunya iska ce ta yau da kullum da aka matse, galibi zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), kuma ana fitowa da saura bar 50.

Kamun kansa

A hasken tocila, idanun istakoza suna ƙyalli ja. Ba a kama ta a ƙaho, domin karyewa yake ya bar mutum da guntu a hannu, ita kuma ta koma rami da rauni. Ana zuwa ta baya a hankali, a danne bayan ɓawon da tafin hannu, ɗaya hannun ya tare wutsiya tunda da baya take gudu. In tana cikin kogo, wasu kan zura siririyar sanda ta bayanta su ɗan taɓa wutsiyar har ta tako waje.

Da ta shiga hannu, a juya ta. In an ga ƙwai ko baƙin tabon nan, a mayar da ita bakin raminta. In ɓawon yana lotsawa, ba ta daɗe da saɓa ba, namanta ruwa ne, a sake ta. Sannan a ɗora ma'auni daga tsakanin tsinaye biyun da ke saman idanu zuwa ƙarshen ɓawon kai. Fasa murjani da ƙarfe ko zuba wani magani a rami ɓarna ce tsantsa: dutsen da aka farfasa a minti ɗaya ya yi shekaru masu yawa yana ginuwa, kuma gidan wasu halittu ne da dama.

Haɗari

Ramin da istakoza ke kwana sau da yawa akwai wani a ciki. Dogon kifin nan mai siffar maciji da masunta ke kira shaga yana da haƙora masu lanƙwasa ciki, kuma yakan ciji hannun da aka zura ba a duba ba. Akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, da murjanin wuta, da kifin dutse wanda ba a bambanta shi da dutsen da yake kai, dafinsa kuma yana da tsanani ƙwarai. Taimakon farko na dafin kifin dutse shi ne a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, kusan digiri 45, a garzaya asibiti.

Amma abin da ya fi kashe masu nutson numfashi shi ne suma. Mutum yakan yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa don ya daɗe, sai jikinsa ya daina yi masa gargaɗi, ya sume yana dab da fitowa, ba ihu ba fafutuka. Kwaɗayi yana ƙara abin: hannu ya riga ya taɓa ta, sai zuciya ta ce ƙara daƙiƙa biyar. Maganinsa shi ne ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallonsa, su yi ta karɓa-karɓa. Ba a nutso mutum ɗaya, komai ƙwarewa.

Ga mai tukunya, kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda. Ba a riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar da ke huhu tana kumbura, kuma a ruwa marar zurfi ne kumburin ya fi yawa. Ana tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, don naitirojin da ya shiga jini ya fita ba tare da ya yi kumfa ba. Bayan nutso ɗaya ana jiran awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan nutso da yawa awa 18. Wannan ƙa'ida ta shafi mota ma, abin da mazauna Hijaz kan manta: Ɗa'ifa tana kan tsauni mai kusan mita 1,800, Abha ta wuce mita 2,000. Wanda ya yi nutso a Jidda da safe ya hau hanyar Alhada zuwa Ɗa'ifa da yamma don shan iska, ko ya tashi daga Jizan zuwa Abha, ya jefa kansa cikin haɗarin da mai hawa jirgin sama yake ciki. Ƙishirwa tana ƙara wannan haɗari, don haka mai azumi ya fi dacewa ya bar fitar sai bayan shan ruwa ko bayan Salla.

Kafin a tashi, a tabbata jirgin yana da iskar oksijin ta gaggawa, a san asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wanda kumfar naitirojin ta kama, a kuma gaya wa mutanen gida wurin da aka nufa da lokacin dawowa. Lambar Tsaron Iyaka 994 ce, ta motar asibiti 997.

Adanawa da hukuncin ci

Istakoza tana saurin lalacewa in ta mutu, balle a zafin Jidda. Ana ajiye ta da rai a inuwa, a lulluɓe da buhun da aka jiƙa da ruwan teku. Ruwan daɗi yana kashe ta, saboda haka in an sa ƙanƙara kada narkakken ruwan ya taɓa ta. A dafa ta ko a gasa a ranar. Wanda ke da borin jini in ya ci jatan lande, wannan ma za ta tayar masa.

A mazhabar Malikiyya da yawancin Hausawa ke bi, cin dabbobin teku halal ne ba tare da yanka ba, haka ma a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya, bisa aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta farautar teku har ga mai harami. Hanafiyya sun taƙaita halaccin ga kifi. Wanda lokacin kamu ya rufe masa, ko bai sami izini ba, zai iya samunta a babbar kasuwar kifi ta Jidda da ake kira Bangala, inda shi ma ya kamata ya juya ta ya duba ƙarƙashin wutsiya kafin ya saya.