Kafin ka sayi babban babur na hannu a Legas: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara hawa irin wannan babur, 'yan'uwa a Agege da Mile 12 suke tare ni da tambayoyi, har a ƙofar masallaci. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wane irin babur ne wannan?

Shi ne wanda ya haɗa ƙarfin babur ɗin tsere da jin daɗin doguwar tafiya. Yana da gilashin tare iska, da babban tanki, da wurin ɗaura akwatuna a gefe. Misali Honda VFR800, ko Kawasaki Ninja 1000SX, ko Yamaha FJR1300 mai tankin da ke ɗaukar lita 25. An ƙera su ne domin tafiya irin ta Legas zuwa Kano ta Ilori da Jebba da Mokwa, wajen kilomita 1,000.

Dokar hana acaba ba za ta shafe ni ba?

Dokar hanya ta 2012 ta hana babur mai ƙasa da cc 200 (cc shi ne ma'aunin girman inji) hawa manyan tituna da gadoji. Daga 1 ga Yuni 2022 kuma aka hana acaba kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Wannan hani na masu ɗaukar fasinja ne, bai haɗa da babban babur na hawan kai ba. Duk da haka kada ka fita ba hular kwano, ba lamba, ba lasisin babur da inshora, kuma kada ka ɗauki kowa don kuɗi.

Tokunbo zan saya ko wanda aka hau a nan?

A nan ne mutane suka fi ƙonewa. Da yawa daga baburan tokunbo, wato na hannu daga ƙasar waje, da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can sun fito ne daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka, wato sun taɓa faɗuwa ko ruwa ya ci su, sai a sake musu roba da fenti. Na gida kuwa ya sha ramuka, amma kana iya zama da mai shi da bakanikensa ka ji tarihinsa. Ni dai na fi yarda da na gida mai tarihi a kan tokunbo mai ƙyalli wanda ba wanda ya san abin da ya same shi. Kuma lura, agogon na Amurka mil yake ƙirgawa: in ka ga 40,000, ya yi kilomita 64,000 ke nan.

Me zan duba ranar ciniki?

Ka gaya wa dillali kada a tayar da injin kafin ka iso, domin inji mai ɗumi yana ɓoye cuta. Fara da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke wuyan babur, ta yi daidai da ta takardar kwastan, in ba haka ba ka juya. Wanda zai bi hanyar Arewa zai gamu da shingen kwastan, kuma rasit na dillali ba ya fid da mutum. Sannan ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta. Wannan gwaji na fi riƙewa, saboda zafin gosulo na Oshodi ko Ikorodu Road shi ke kashe waɗannan injuna. Duba ko mai yana zuba a sandunan gaba, ko tsatsa ta ci cikin tanki, ka ciro man inji ka gani, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. Taya tana da lamba huɗu a gefe, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma wadda ta haura shekara biyar ta fara bushewa ko da zanenta na nan. In VFR800 ce, a auna cajin batir, don an san ta da ƙona na'urar caji.

Kayan gyara fa?

Nemo bakanike kafin ka nemo babur. Mai gyaran Bajaj, duk ƙwarewarsa, bai saba da inji mai kwamfuta ba. Yawancin kayan sai an yi odarsu da dala, ka jira makonni. Saboda haka ka rage wani abu daga kuɗinka na taya biyu da birki da batir tun watan farko. FJR1300 ba ta da sarƙa, sandar ƙarfe ke juya tayar baya, ta rage maka aiki guda.

Ban taɓa hawa babba ba, zan iya farawa da shi?

Ban ba ka shawara ba, ɗan'uwa. FJR1300 ta kusa kilo 290, in ta karkace a cikin cunkoso mutum ɗaya ba ya tare ta. Fara da mai cc 500 ko 650, ka yi damina guda da shi a titunan Legas tukuna.