Sarrafa zaman aiki da haɗin sauti a Linux

Sarrafa zaman aiki, a fagen manhajojin sauti masu buɗaɗɗen tushe, shi ne hanyar da ake adana ƙananan manhajoji da dama a matsayin aiki guda, tare da yadda aka jona su da juna, ta yadda za a iya dawo da su daidai yadda aka bar su. Matsalar ta fi shafar Linux, inda aka saba raba aiki: Hydrogen na buga ganga, ZynAddSubFX na fitar da amo, Ardour kuma na naɗa.

Asali

Tushen lamarin shi ne JACK, tsarin isar da sauti tsakanin manhajoji da Paul Davis da abokan aikinsa suka fitar a wajajen 2002. A JACK kowace manhaja tana buɗe ƙofofin shiga da na fita, mai amfani kuma ya jona duk wadda ya ga dama da wata. Sai dai JACK ba ya tuna komai. Da zarar an rufe manhaja, haɗinta ya tafi, gobe sai an sake jonawa da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Jona kai

Don sauƙaƙa wa sabon shiga, manhajoji da yawa kan jona kansu da system:playback_1 da system:playback_2, wato ƙofofin da ke kai sauti ga lasifika, da zarar an buɗe su, domin a ji sauti nan take. Ga wanda ya tsara aikinsa kuwa, wannan ɓarna ce. Amon da ya kamata ya bi ta manhajar gauraya sai ya fita kai tsaye ta lasifika, a ji shi sau biyu, wani lokaci ma makirufo ya haɗu da lasifika a samu ƙara mai kashe kunne. Saboda haka aka sa wa JACK2, wani sigar JACK, zaɓin da ke yin watsi da irin wannan buƙata ko ya ƙi ta fili, ko dai ga dukkan ƙofofi ko ga na waje kawai. QjackCtl na Rui Nuno Capela yana da allon da ke maido da haɗin da aka adana duk lokacin da ƙofar ta bayyana, aj-snapshot kuma na ajiye haɗin JACK da na ALSA, tsarin sauti na asali a Linux, a fayil.

Tarihin masu sarrafa zama

Yunƙuri na farko shi ne LADCCA na Bob Ham, a farkon shekarun 2000, wanda daga baya aka sauya masa suna zuwa LASH. Sai an gyara kowace manhaja kafin ta yi aiki da shi, kuma kaɗan ne suka yi hakan. Nedko Arnaudov ya biyo da LADISH a wajajen 2009, ya kasa goyon baya mataki-mataki: a mataki na ƙasa ana buɗe manhaja kawai a jona ta, a na gaba kuma a tura mata siginar SIGUSR1 ta adana aikinta. An kuma saka JACK Session cikin JACK kansa a wajajen 2010, amma bai samu karɓuwa sosai ba, har aka ayyana shi wanda aka daina a 2020.

Wanda ya fi ɗorewa shi ne NSM (Non Session Manager), da Jonathan Moore Liles ya rubuta a wajajen 2012 cikin rukunin manhajojinsa na Non. Yana magana da manhajoji ta OSC, wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin manhajojin sauti, manhaja kuma tana gane cewa tana ƙarƙashinsa ne idan ta tarar da NSM_URL, wato adireshinsa, a muhallin da aka buɗe ta. Ƙarfinsa na cikin tsananin dokokinsa. Shi ne ke ba manhaja sunan da za ta yi rajista da shi a JACK, shi ke nuna mata inda za ta ajiye fayilolinta, kuma ba a yarda ta buɗe wani aiki ko ta adana a wani wuri da kanta ba. Da yake komai na cikin jaka ɗaya, ana iya kwafe zaman gaba ɗaya zuwa wata kwamfuta. Tsayayyen suna kuwa shi ke sa haɗi ya dawo daidai ko da an buɗe manhaja iri ɗaya sau biyu. Haɗin kansa wata ƙaramar manhaja ce, jackpatch, ke adana shi.

A 2020 aka samu saɓani kan tafiyar da aikin, wasu suka ɓalle da New Session Manager. Manhajojin Agordejo da RaySession duk suna bin ƙa'idar NSM.

Halin yanzu

PipeWire, sabon tsarin sauti na Wim Taymans, wanda Fedora 34 ta ɗauka a 2021, yana karɓar manhajojin JACK, don haka kayan NSM na aiki a kansa. WirePlumber, mai kula da PipeWire, ne ke yanke wace na'ura sauti zai bi, amma ba ya buɗe manhajoji ko adana ayyukansu. Masu kiɗa da dama ma sun koma loda komai cikin manhaja guda ta hanyar LV2, tsarin da ke sa ƙananan kayan sauti su yi aiki a cikin babbar manhaja.