Ku Daina Yi wa Iyayenku Likitanci ta Waya

A ɗakin da muke duba masu hawan jini da ciwon suga a nan birnin Kano, abu na farko da muke roƙon tsofaffi shi ne su zo mana da dukkan magungunan da suke sha, kuma a 'yan shekarun nan ledar da suke zuwa da ita kullum ƙara nauyi take yi. Idan aka zazzage ta a kan tebur, sai a tarar da maganin da likita ya rubuta yana can ƙasa, an sha kwana biyu an ajiye, a samansa kuma ga kwalaye masu rubutun Larabci, ga robobin ƙwayoyi daga Ingila ko Amurka, ga ƙullin gari marar suna. Idan na tambaya, "Hajiya, wa ya ba ki wannan?" amsar kusan iri ɗaya ce: "Ɗana ne na Abuja ya aiko," ko kuma "Autata ce ta Jidda ta bayar aka kawo." Idan na ƙara da tambayar dalilin da ya sa aka bar namu, sai ta ce, "'Yar nan, shi ya ce in daina, wai wannan ya fi kyau." A lokacin kuwa awon jininta ya haura 180, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Da ku nake magana, 'ya'yan da aiki ko aure ko neman abinci ya kai ku Abuja da Legas da Fatakwal, da Saudiyya da Turai, alhali mahaifi ko mahaifiya na kwance a Gwale ko Fagge ko Kurna. Na san ba ƙiyayya ce ta sa ku ba. Na san nauyin da ke kanku, domin a gidajenmu wanda ya fita shi ake ɗauka mai kuɗi kuma mai ilimi, ko da kuwa shi ma da ƙyar yake biyan kuɗin haya. Ana ce masa, "Kai ne babba," ana ce masa, "Kai Allah ya buɗa wa." Idan ya yi kwana uku bai yi magana a zauren WhatsApp na dangi ba, gwaggo za ta kira ta tambaye shi ko ya manta da wadda ta haife shi. Ga kuma umarnin da Allah ya yi a Suratul Isra'i game da iyaye idan tsufa ya riske su, wanda kowannenmu ya taso da shi a kunne. Mutumin da ba shi da halin zuwa, ga tsoron gori, ga tsoron haƙƙi, sai ya nemi abin da za a gani da ido a shaida cewa ya yi, kuma babu abin da ya fi kwalin magani saurin gamsar da dangi. Na fahimci wannan sarai, amma fahimtar ba za ta hana ni faɗin abin da nake gani ba: canza wa tsoho magani ta waya, ko ƙara masa wani, ko dakatar da wanda yake sha, ba tare da sanin likitan da ke duba shi ba, yana kwantar da mutanen da a da suke zuwa masallaci da ƙafarsu.

Magani ɗaya yana iya zuwa da sunaye da yawa, kuma wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa. An rubuta wa Baba amlodipine a nan, ɗansa ya aiko da Norvasc daga waje, sai aka haɗa masa biyun safe da safe, alhali abu ɗaya ne. Haka metformin da Glucophage suke, haka kuma paracetamol da Panadol da Tylenol na Amurka. Tsohon da ya sha maganin hawan jini ninki biyu, jiri ne zai kwashe shi idan ya miƙe da asuba zai yi alwala, ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye, sai labari ya koma Asibitin Ƙashi na Dala. Tsohon da ya karye a ƙugu kuwa, ba kowanne ne yake sake takawa ba. Kuma idan hakan ta faru, babu mai cewa kwalin da aka aiko ne sanadi, sai a ce tsautsayi ne da tsufa.

Sai maganin ciwon jiki. Hajiya ta yi kukan gwiwa a waya, kafin a kashe wayar an tura kuɗi an ce a je kamis a sayo diclofenac ko ibuprofen, a riƙa ba ta kullum. Waɗannan magunguna suna tayar da hawan jini, suna cin ciki har ya yi jini, suna kuma lalata ƙodar da dama ciwon suga da shekaru sun riga sun gajiyar. Wanda ya taɓa raka majinyaci wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da hakan ke yi wa jiki da aljihu. Haka nan wanda ya ji an ce Baba ba ya cin abinci, sai ya ce a sayo dexamethasone don ta buɗe masa ciki. Za ta buɗe cikin, fuska ta cika, dangi su ce ya murmure, amma suga ya yi sama, ƙurji ya ƙi warkewa. Kai da ka ba da umarnin ba ka ga idonsa ba, ba ka taɓa ƙafarsa ba, ba ka san sakamakon gwajin ƙodarsa na watan jiya ba. Da wace hujja ka rubuta masa magani?

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa, "Ai Umma ta warke, a bar ƙwayoyin nan haka, kada su kashe mata hanta." Hawan jini da ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da ake shan magani kwana uku a gama. Idan awo ya yi kyau, maganin ne yake aiki, kuma ranar da aka ajiye shi ciwon zai dawo a hankali ba tare da ciwon kai ko wata alama ba, har sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ban ce kada a kawo wa iyaye tsarabar zamzam da habbatus sauda da ajwa ba, ni ma ina karɓa idan an kawo mini. Abin da na ce shi ne kada a ajiye maganin asibiti saboda su, kuma a tuna cewa zuma da dabino zaƙi ne, mai ciwon suga ba ya shan su cokali-cokali don kawai daga ƙasa mai tsarki suka fito. A faɗa wa likita, shi zai ce ga iya adadin da ya dace.

Har allurar insulin na ga an aiko a cikin akwatin tufafi, ta kwana a hanya, ta zo ta zauna a kan durowa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40. Insulin sanyi take so, zafi yana kashe mata ƙarfi, sai a yi ta yi wa tsoho allura suga bai sauka ba. Na'urar awon suga ma tana da nata rikicin, domin wadda aka sayo a Ingila ma'auninta daban da na wadda aka sayo a Amurka: abin da ta Ingila ta nuna 7, ta Amurka za ta nuna 126, kuma duk abu ɗaya ne. Idan ba a koya wa mai jinya ba, sai ta karanta lamba a waya, na nesa ya firgita ya ce a ƙara magani ko a rage.

Na san hujjar da ake kawowa, cewa akwai jabun magani a kasuwa. Gaskiya ne akwai, kuma ba mu musa ba. Maganin wannan shi ne a saya a kantin magani na asibiti ko wurin mai harhaɗa magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan kuma lallai kana so ka sayo daga waje, to a ɗauki hoton takardar likita a tura maka, ka sayo ainihin abin da ke rubuce da ƙarfin da aka rubuta, sa'an nan a kawo mana mu gani kafin a fara sha, domin mu janye na nan.

Akwai wata baiwar Allah da ba a cika tunawa da ita ba a wannan lamari, wato mai jinya. Galibi ƙanwa ce da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa, ko jika da ta bar makaranta. Ita ke wanki, ita ke juya tsoho, ita ke kwana a farke, ita ce ta ji abin da likita ya faɗa da kunnenta. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa yake yoyo, amma da yake ba ita ke turo kuɗi ba, maganarta ba ta da nauyi. Na ga irinta tsaye a gabana da waya a kunne, na ce mata a kwantar da mahaifiyarta yau, ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, sai Yaya ya amince." Yayan yana Amurka, inda agogonsu ke bayan namu da awa 5 ko 6 a gabashin ƙasar, yana barci, wayarsa a kashe. Tsohuwa kuwa bakinta ya karkace tun bayan sallar asuba, hannu ɗaya ya saki, magana ba ta fita. A irin wannan hali kowane minti ƙwaƙwalwa ke mutuwa, kuma babu wani izini da ake jira. Kada kuma wani ya kira ya ce a ba ta asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe a kai, asfirin ƙara zubar jinin zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke rarrabewa. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu alhali ba ta iya haɗiya, domin cikin huhu zai shiga. A sa ta a mota a nufi sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, ko Murtala ne, ko Nassarawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kira Yaya a hanya.

Wata ɗabi'ar da ke tafiya tare da wannan ita ce yawo da tsoho asibiti-asibiti. Wannan ɗan ya ce a kai shi wurin abokinsa likita, wancan ya ji haushi ya ce a mayar da shi asibitin kuɗi wanda shi zai biya, kowane wuri sabon kati, sabon gwaji, sabon magani, kuma babu likita ɗaya da ya san labarin daga farko. Gasar 'yan uba ce ake yi a kan jikin dattijo. Ko da kai likita ne a inda kake, ka nemi likitan da ke duba mahaifinka ku yi magana ta abokan aiki, kada ka riƙa soke takardarsa ta bakin ƙanwarka.

Abin da za ku iya yi daga nesa yana da yawa, kuma ya fi kwali amfani. Ku zauna a matsayin iyali ku zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa magana da asibiti, ku ba shi izinin yanke shawarar gaggawa tun yanzu, a gaban kowa. Ku tsaya a asibiti ɗaya da kati ɗaya. A sayi littafi a riƙa rubuta sunayen magunguna da awon jini da na suga da ranar komawa, a turo muku hotonsa. Kuɗin magani ya riƙa zuwa kan lokaci kowane wata kafin na hannu ya ƙare, domin ƙaramin kuɗi da ba ya yankewa ya fi babban da ke zuwa sau ɗaya da salla. A ware wani abu da ba a taɓawa sai ranar gaggawa, har da kuɗin mota. Ku bincika ko za a iya sa tsohon a tsarin taimakekeniyar lafiya na gwamnatin jihar Kano, wanda hukumar KSCHMA ke gudanarwa. Idan kuna da tambaya, ku kira ranar asibiti a sa wayar a fili mu ji juna. Idan tsoho ya kwanta, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo. Mai ciwon suga idan ya kama gumi da rawar jiki da ruɗewa, a ba shi ruwan sukari matuƙar yana iya haɗiya, sa'an nan a kawo shi. Ku biya mai jinya wani abu nata na kanta, ku samar mata wanda zai karɓe ta ta huta, ku tambayi lafiyarta ita ma idan kun kira.

Ku kuma dangin da ke gida, ku sassauta. Ku daina auna biyayyar ɗa da girman kayan da ya aiko, domin gorinku ne ke tura shi sayen abin da bai sani ba. Ku daina ɓoye masa gaskiyar jikin da sunan kada hankalinsa ya tashi, kuna cewa "da sauƙi" alhali tsoho ya daina cin abinci, domin wanda aka ba rabin labari rabin shawara zai bayar. Masu zuwa dubiya kuma, addu'a ta isa, ba sai kowa ya zo da nasa maganin ba.

Saura batun azumi, wanda shi ma ake yanke shi ta waya. Wani ɗan ya ce Baba ya yi azuminsa a haɗe masa ƙwayoyin duka a sahur, wata 'yar ta ce a ajiye su sai bayan salla. Akwai magungunan suga, irin su glibenclamide, da kan faɗar da sugan tsoho ƙasa warwas idan ya sha ya wuni bai ci komai ba, kuma akwai masu ciwon ƙoda da rashin shan ruwa zai yi musu illa. Wani za a canza masa lokacin sha ya yi azuminsa lafiya, wani kuma za a ba shi shawarar ya ajiye, ya nemi malami ya yi masa bayanin ciyarwa. Ku kawo su tun cikin watan Sha'aban a auna su, a tsara musu yadda za su sha, a rubuta a takarda, sa'an nan a tura wa kowane ɗa hotonta a duk inda yake.