Tallafa wa ɗalibai masu galahanga a manyan makarantu

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke bunƙasa. Yana bayyana a mu'amala da mutane, da fahimtar habaici ko zaurance, da yadda jiki ke karɓar ƙara da haske. Da shi ake tasowa tun yarinta. Ba shafar aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Bayanin da likita Leo Kanner ya wallafa a Amurka a 1943 shi ya fito da yanayin fili, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu domin wayar da kai a kansa.

A garin karatu irin Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta tsaya tun 1962 da harabobinta na Samaru da Kongo, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, masu galahanga da dama na iya kaiwa matakin digiri ko difloma. Sau da yawa ba littafin ke kayar da su ba. Abin da ke kewaye da littafin ne: ɗakin lacca cike da ɗaruruwan mutane, lasifika na kuwwa, janareto na ruri, ɗakin kwana na mutum da yawa, sai kuma a ɗage lacca ba sanarwa. Wanda ya saba da tsari ɗaya, wannan kaɗai na iya ɓata masa yini guda. Abin takaici, shirunsa ko kawar da idonsa akan ɗauke shi girman kai, alhali a gidajenmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne.

Tallafin da ya fi amfani ba mai tsada ba ne: a ba da jadawali da umarnin aiki a rubuce, a sanar da sauyi da wuri, a ƙara lokacin jarrabawa a ɗaki marar hayaniya, a bar ɗalibi ya naɗi lacca a waya, a haɗa shi da malami ɗaya da zai riƙa tuntuɓa. Kafin komai a tambaye shi, domin bukatar wani ba ta wani ba ce, kuma shi ke da ikon bayyana yanayinsa ko ya ɓoye.

Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar da haƙƙinsu na ilimi ba tare da tsangwama ba. Masu neman tantancewar likita a Zariya kan nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.