Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924: wa ta hana shiga, kuma ta wace hanya?

Duk lokacin da zancen hana bizar Amurka ya taso, sai a shiga yaɗa cewa tun 1924 aka yi dokar da ta rufe ƙofa ga Musulmi da baƙar fata baki ɗaya. Ba haka take ba. Dokar da Shugaba Calvin Coolidge ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu 1924 ba ta hana kowa shiga da sunan addininsa ba. Wariyarta ta fi haka dabara.

Kowace ƙasa da tsarin kaso ya shafa an yanka mata adadin mutanen da za su shiga a shekara: kashi 2 cikin 100 na 'yan ƙasar da aka samu zaune a Amurka a ƙidayar 1890. Me ya sa aka koma har 1890, alhali an yi ƙidaya a 1910 da 1920? Domin a 1890 Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai ba su kwararo sosai ba. Kason Italiya ya faɗo daga kusan 42,000 zuwa ƙasa da 4,000, Jamus da Birtaniya suka kwashe kaso mai tsoka. Habasha da Laberiya sun samu 100 kowacce. Mutanen Kanada da Mekziko kuwa ba a sa musu kaso ba.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne wanda ya ce duk wanda doka ba ta ba shi damar zama ɗan ƙasa ba, ba zai shigo ya zauna ba. Ba a kira sunan kowa ba, amma kowa ya san da wa ake. A wancan zamani farar fata ne kawai, sai 'yan asalin Afirka tun 1870, ke iya neman zama ɗan ƙasa. Kotun Ƙoli ta yanke a 1922 cewa Takao Ozawa, haifaffen Japan, ba farar fata ba ne. A 1923 ta faɗi haka kan Bhagat Singh Thind, mutumin Indiya. 'Yan ƙwadagon Sin an riga an hana su shiga tun 1882. Ke nan Japan aka yi wa wannan sashe, kuma gwamnatinta ta fito fili ta nuna fushinta. A ganina, ɓoye sunan bai rage wa abin muni ba.

Masu cewa har yau dokar tana aiki su ma sun yi kuskure. An cire sharaɗin launin fata a 1952, aka soke tsarin kason asalin ƙasa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson.