Tambayoyin da ake ta yi mini kan dabino

Duk lokacin da azumi ya matso, tambayoyi iri ɗaya nake sha a nan Daura. Bari in amsa su gaba ɗaya.

Ban da zaƙi, me ke cikinsa?

Akwai sinadaran tsirrai da ake kira fenolik da filabonoyid, masu taimakawa wajen kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Akwai fotasiyam, ga zaren nan mai sauƙaƙa bayan gida, wajen giram 7 a cikin giram 100.

Sai Ajwa kaɗai ke da amfani?

A'a. Falalar cin Ajwa bakwai da safe ta zo a Bukhari da Muslim, wannan babu ja. Amma digila ta Aljeriya da busasshen da ke shigowa daga Nijar ta Kwangwalam duk suna ɗauke da waɗannan sinadarai. Yawansu ne ke bambanta, gwargwadon iri da ƙasa da nuna. Malam, kada ka ci bashi saboda Ajwa, na baro ma dabino ne.

Me ya sa ɗanye ke ɓauri?

Tanin ne, irin na ganyen shayi. Yana raguwa idan dabinon ya nuna.

Ina da ciwon suga, zan iya ci?

Hajiya, wannan ba a amsa ta da eh ko a'a. Kusan kashi biyu cikin uku na busasshen dabino sukari ne. Babban dabinon nan da ake kira Majdul guda ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 16, kusan ƙaramin cokali huɗu ke nan. Gaskiya ne zaren da ke ciki yana ɗan rage saurin hawan suga, shi ya sa mutane da dama kan ci ƙanana biyu ko uku ba matsala. Sai dai ya danganta da maganin da kike sha, da yadda suganki yake a 'yan kwanakin nan, da abin da zai biyo baya. Na sha gani a buɗa-baki: dabino biyar, kunun gyaɗa mai sukari, ga zoɓo, sannan a ɗora wa dabinon laifi. Idan kina da na'urar gwaji, auna kafin ki ci, ki sake aunawa bayan awa 2, ki kai wa likitanki sakamakon. Idan kuma ƙoda ta taɓu, ki dakata tukuna, fotasiyam ɗin na iya yi miki yawa. Ki kwantar da hankalinki, ba hana ki ake yi ba, ƙirgawa ake so ki yi.

Yana warkar da ciwon daji?

Ba ya warkarwa. Don Allah ku daina tura wannan a WhatsApp, akwai masu ajiye maganin asibiti saboda irin saƙonnin nan.

Sai an wanke?

Har yanzu ana tambayar wannan? Abin da ya wuni a baro cikin ƙurar hunturu! A wanke, a tsaga shi biyu a duba ƙwari kafin a ba yaro.