Zubar da ruwan injin jirgin ruwa kafin hunturu

Zubar da ruwan da ke sanyaya inji aiki ne da masu ƙananan jiragen ruwa ke yi a ƙasashen da sanyi ke kai ga daskarar da ruwa, kamar Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen da ke kewaye da Tekun Baltik. Galibi a watan Oktoba ko Nuwamba ake yin sa, lokacin da ake fitar da jiragen daga ruwa a ajiye su har sanyi ya wuce.

Ruwan daɗi yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, na teku kuma wajen digiri 2 ƙasa da haka. Idan ya zama ƙanƙara, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa cika kwalba maƙil ya manta da ita a firiza ya ga abin da ke biyo baya. Ƙarfen zubi da ake ƙera bulok ɗin inji da shi ba ya miƙewa, sai dai ya tsage.

Mota tana da lagireto, kuma ruwanta ɗaya ne yake ta zagayawa, gauraye da maganin hana daskarewa. Yawancin ƙananan jiragen ruwa kuwa ruwan tafki ko na teku suke zuƙa kai tsaye. Wani famfo mai fukafukan roba ne ke tura shi cikin hanyoyin da ke kewaye da silinda, daga nan ya fita tare da hayaƙi. Da an kashe injin, wani ɓangare na ruwan sai ya kwanta a ciki. Ko injinan da ke da nasu ruwan sanyaya na dindindin ba su tsira gaba ɗaya ba, domin ruwan waje yana ratsa na'urar da ke ɗauke musu zafi.

Injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin na Yamaha da aka saba gani a Yawuri da Tafkin Chadi, shi ne mai sauƙin sha'ani. An ƙera shi ta yadda ruwan zai tsiyaye da kansa muddin yana tsaye, farfela na ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye shi a ɗage, ruwan sama ya taru a gindinsa. Ana kuma sauya man giya kafin ajiya, kuma idan tsohon man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga.

Wahalar tana ga injin da ke zaune a cikin jirgi. Akwai matosan zubar da ruwa a jikin bulok, ɗaya a kowane gefe idan silindojin a jere biyu suke, da wasu a ƙarƙashin bututun tara hayaƙi. A injina samfurin MerCruiser da yawa matosan shuɗaye ne na roba, ana kwance su da hannu. Bayan su sai a cire tiyon famfo da na na'urar sanyaya mai, a karkata su ƙasa. Sau da yawa akan kwance matoshi, ruwa ya ɗiga sau biyu ya tsaya, mai jirgi ya ɗauka an gama, alhali tsatsa da yashi ne suka toshe ramin. Shi ya sa makanikai ke zura guntuwar waya suna tsokana har sai ruwan ya ɓalle, launin ƙasa-ƙasa, ya zubo sosai.

Bayan zubarwa, da yawa kan cika hanyoyin da ruwan hana daskarewa na furofilin gilaikol, wanda aka fi sayar da shi da launin hoda. Ana guje wa na mota, etilin gilaikol, saboda guba ne kuma ƙarshensa tafki zai koma. Wasu kan tsallake zubarwar, su tayar da inji ya zuƙi maganin daga bokiti. Wannan caca ce: idan injin bai yi zafi ba, bawul ɗin da zafi ke buɗewa yana rufe, sai maganin ya bi ta gefe ya fita ta salansa, bulok na nan cike da ruwa.

Akwai kuma masu dogara da ƙananan faya-fayan ƙarfe da ke toshe wasu ramuka a gefen bulok, wai ƙanƙara za ta turo su waje ta bar injin lafiya. Ramukan an yi su ne don fitar da yashi bayan zubi a masana'anta. Wani lokaci faifan yakan fita, bulok ɗin kuma ya tsage duk da haka.

Jirgin da ke kan tirela ya fi wanda ke cikin ruwa saurin kamuwa, tunda ruwa na riƙe ɗumi, iska kuwa na kewaye shi ta ko'ina. Ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Amurka, BoatUS, ta sha bayyana cewa neman diyyar inshora kan irin wannan ɓarna ya yawaita a jihohi masu sauƙin sanyi irin su Tekzas, inda mutane ba su saba shiri ba. Ɓarnar ba ta cika bayyana ba sai wajen Afrilu ko Mayu, ranar da aka fara tayar da injin: baƙin mai ya koma fari, ko ruwa ya riƙa taruwa a ƙasan jirgi. Walda ba kasafai take riƙe tsagar ƙarfen zubi ba, don haka galibi bulok ɗin ake sauyawa ɗungurungum.